Tsinken da Aka Yi Don a Jefar

Osaka, farkon bazara

Yaya Norio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama da ciwon gwiwarta. Nan furanni sun fara fitowa, na san ku a kan dutse har yanzu kuna fama da sanyi.

Yaya, na fi so ka ji daga gare ni kafin takardar kamfani ta iso. Daga kaka mai zuwa, duk shagunan taliyar kamfanin da nake wa aiki za su daina amfani da tsinken cin abinci na katako, za a koma na roba, wanda ake wankewa. Odar tsinken da ake ba gidanmu tun zamanin Baba ta ƙare ke nan.

Ni na kawo shawarar. Aikina ne a ofishin kula da muhalli in rage abin da muke zubarwa, kuma tsinkayen da nake nufi su ne masu arhar nan na waje, da ake share daji ɗungurum don a yi su. Sai shugaba ya buga tebur don murna, ya ce, "A cire duka. Ko ɗaya kar in ƙara gani a kwandon shara." Na san naka daban ne, na san daga gefen gungumen itacen sugi kake yin su, ragowar da masu katako ba sa so. Har na buɗe baki, sai na tuna kowa a ɗakin ya san 'yar gidan wa ce ni. Na ji tsoron a ce gidanmu nake karewa. Na yi shiru, aka tafa mini.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Ka yi mini faɗa, zai fi mini sauƙi.

Ƙanwarka,
Chizuru

*

Chizuru,

Ina gaida ki. Mama lafiya lau, gwiwar dai tana nan tana mulkinta.

Faɗa kike so? Ba ni da lokaci, ina da injin da zan shafa wa mai. Takardar kamfaninku ta riga taki zuwa, mai kauri, da hoton koren ganye a sama. Ban tambayi itacen da aka sare aka yi ta ba.

Jarida ma ta zo, da hotonki kina ɗaga tsinken roba kamar kin kama kifi. Mama ta yanke ta jingina gaban hoton Baba, inda take kunna masa turare. Ba ta ganin ƙananan rubutu yanzu, ni kuma ban karanta mata ba. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Ga 'yata can, ita ke ceton dazuzzuka."

Jiya na hau wurin tsoho Heizo, mai rage mana itatuwa a dutsen bayan gida. Na ce masa ba zan iya sayen gefen gungume kamar da ba. Ya ce, "Madalla, bayana ya huta. Dama kai ka hana ni ritaya, ja'iri." Muka yi dariya, amma kin san abin da ke ciki. Ɗan abin da nake saya ne ke sa hawan ya biya shi. In ba a rage sugi ba sai su cunkushe, rana ta daina taɓa ƙasa, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya fara sauko mana da dutsen. Ba sai na koya miki ba, ke ce mai ilimin.

Zan lallaɓa da ɗan cinikin masaukan baƙi na nan har sabuwar shekara, in ga abin da hali zai yi. Ga ƙunshin tsinke na aiko miki, ki daina zama da yunwa. Ki zo bikin Obon na tunawa da mamata, mu share kabarin Baba.

Yayanki,
Norio

*

Osaka, ƙarshen kaka

Yaya,

Ina gaida ku da sanyin da ya shigo. Ka yafe mini rashin zuwa Obon. Na ce aiki ne, amma gaskiya ba zan iya tsayawa gaban hoton nan ba.

Na yi magana, Yaya. A taron manya na miƙe na ce ni 'yar mai yin tsinke ce, kowa ya ji. Na nuna musu ruwan zafi da sabulun da wanke robar nan ke ci, da hoton dajin da aka daina ragewa. Shugaba ya ce, "To me ya hana ki faɗa tun farko?" Ya ƙara da cewa masu cin taliya in sun ga katako a shara, daji suke gani ana sarewa. Na ce sai mu rubuta musu gaskiya a jikin takardar tsinken. An sha gardama, amma sun yarda: daga bazara shagunan Osaka za su koma sugi.

Don Allah kar ka kashe injin. Ƙunshin da ka aiko yana nan a aljihun tebur, tsinkayen na manne biyu-biyu yadda ka yi su, ban iya ɓalle ko ɗaya ba. Sai dai in buɗe in shaƙi ƙamshin.

Taka,
Chizuru

*

Chizuru,

Na ga saƙonki. Kin yi abin da ya kamata.

Injin ya tafi tun watan jiya, wani daga Nara ya ɗauka. Heizo ya koma gidan 'yarsa a birni, ya ba da zartonsa kyauta. Na ce miki har sabuwar shekara, ban cika ba. Da na ɗaga waya na gaya miki halin da nake ciki, da wataƙila kin miƙe da wuri. Girman kai ya hana ni roƙon ƙanwata. Don haka kar ki kwashe laifin duka, ki rage mini nawa.

Norio

*

Chizuru 'yata,

Ina gaida ki. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su nake iya gani.

Ku biyun kun mai da ni jaririya. Idona ne ya mutu, hancina yana nan. Tun ranar da yayanki ya daina shigowa da ƙamshin sugi a rigarsa na sani. Jaridar kuwa, maƙwabciya ta karanta mini ranar da ta zo. Ban cire ta ba, kuma ba zan cire ba.

An ce dutsen zai ɗan jira mu kafin ya gaji. Ki zo sabuwar shekara da takalmin hawa, ke da yayanki ku nemo wanda zai koyi aikin Heizo.

Tsinken da kike ɓoyo kuma, ki ɓalle, ki ci abinci, ki jefar. Babanki bai taɓa yin ɗaya don a ajiye ba.

Mamanki