Fankar da ta sa na kama sunanka

Jarwal, Makka

Zuwa ga Baban Hure,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Ikhlas da jikata Hure. Yaya sanyin Norway? Kana rufe ƙirjinka kuwa? Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi.

Mu lafiya lau. An rushe layinmu a unguwar Nakkasa, mun koma wani ɗaki a Jarwal. Babu mukayyif mai sanyaya ɗaki, amma ba komai, mun ƙara kusa da Harami.

Na sayi fanka, washegari ta mutu. Da na mayar, mai kanti ya ce, "Halas ya hajja, ciniki ya ƙare, abin da ya fita ba ya dawowa." Na tuna zafin ɗakin nan, sai na ji bakina ya ce, "Ɗana Yusha'u lauya ne a Norway, aikinsa ke nan ƙwato wa mai saye haƙƙinsa!"

A gaban maƙwabciyata Hadijatu fa na kama sunan ɗan fari, har da yabo! Ta riƙe baki ta ce, "Yau Yaya an zubar da kunya a kasuwa." Mutumin bai ma san inda Norway take ba, amma ya yi dariya ya ba ni sabuwa.

Sai dai ka riƙa sassauta wa 'yan kasuwar can, ina tsoron su ƙulla maka sharri. Kada ka bar addu'a.

Sunan nan kuwa, tun da aka raɗa maka ban taɓa faɗa ba sai ranar, kuma ya yi mini daɗi a baki. Kada ka gaya wa kowa.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka