Na San Ciwon Na'urar, Na Yi Shiru

Inna Mansura, don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni dattijo ne a Tasawa. Na yi lakwal, karatun boko ke nan, har Yamai, na karanci ordinatar, wato kwamfuta, tun mutane na leƙen ta kamar abin tsafi. Yau ga ni ina gadin wata tsohuwar na'ura a biron, wato ofishin, wata ƙungiyar manoma, wadda wani furoje, shirin tallafa wa manoma, ya bar mana da ya naɗe tabarmarsa. Sai ta cikinta ake tantance mai karɓar iri. Daraktan kuwa ni na koya masa aikin, yanzu ko "Malam" da ƙyar yake ce mini.

Na'urar ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Ranar kasuwa, in mutanen ƙauye suka cika harabar, kowane ma'aikaci na tura mata aiki, sai ta sandare. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ba ta amsa kowa. Wasu suka ce kuran ne, wato wutar lantarki, wasu zafi. Ni na bi ta a hankali. Na ja waya daga bayanta zuwa wata ordinatar, na kama saƙonta na ƙarshe kafin ta sume. Ciwon yana cikin nuwayo, wato zuciyar tsarin. Ƙwaƙwalwar biyu kan sarƙe wurin rubutu a faifai, kamar mutum biyu a bakin rijiya, ɗaya ya riƙe guga, ɗaya igiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki. Maganin a sabunta nuwayon, ko kafin nan a tada ta da ƙwaƙwalwa ɗaya. Za ta yi nawa, amma ba za ta tsaya ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Ranar da ta sandare ce kaɗai ake tuna ina raye. Daraktan ya aiko babur, ana buɗe mini hanya, in kashe in kunna, in tsura wa allo ido kamar boka. Kafin ta gama duba faifanta, an tashi biro.

Kasuwar da ta wuce, wani manomi, Sharifu, ya zo da amalanke daga Kanan-Bakashe, na'urar ta sandare, ya koma ba iri. Ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, wai ya ga na yi ƙoƙari. Ba a jima ba ruwan shuka ya sauka. Maƙwabtansa sun shuka, gonarsa tana nan fili.

In na gyara, an gama da ni. In na yi magana, a ce tun yaushe na sani. Yaya zan yi?

Tsohon ɗan boko, Tasawa

*

Baba, sannu da ƙoƙarin faɗin gaskiya.

Ba a kyauta maka ba. Mai ilimi irin naka bai kamata sai abu ya lalace ake gaishe shi ba, kuma daraktan na da nasa laifin. Amma fushinka ba a kansa yake sauka ba. Shi yana cikin inuwa. Sharifu ne a rana.

Kada ka jira wata kasuwa. Kwafi abin da ke cikin faifan ka adana, ka tada na'urar da ƙwaƙwalwa ɗaya, ka sa ma'aikata su jibga mata aiki ranar da ba jama'a, ka gani da idonka. Sabunta nuwayo ya jira ƙarshen rabo.

Sannan ka zauna da daraktan, ku biyu kawai. Nuna masa saƙon da ka kama, ka faɗi lokacin da ka gano, ba ƙari ba ragi. Zai yi fushi, ka jure. Wanda ya iya kama irin wannan ciwo ba a rasa masa aiki, kuma tsohuwar na'ura ba ta gama kawo cuta ba. In ma ya sallame ka, ka fita da mutuncinka.

Irin Sharifu kuwa, kada ka aika kowa. Ɗauki buhun da kanka ka kai masa tun ƙasa na da laima, ka nemi gafararsa. Albarkar da ya sa maka, tafi ka cancance ta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba gonar Sharifu yabanya mai kyau.

Inna Mansura