Ƙafa Ba Kafa Ba Ce

Garki, Abuja

Zuwa ga Adda Hansatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Saleh da yara. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce Inna na tambaya wai wane irin aiki nake yi a Abuja. Ga amsa, ki fassara mata. Kamfaninmu ƙarami ne, a bene muke, saman wani shagon taya. Na'ura muke haɗawa domin masu larurar gani. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, a samanta akwai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa su zama rubutun makafi, mutum ya shafa da yatsa ya karanta. Littafin yana cikinta a fayil. Ni aka ba wa ɓangaren da ke buɗe fayil ɗin, ya ɗebo layi ɗaya, ya miƙa wa ƙusoshin, in mai karatu ya danna ya ɗebo na gaba. Da yaren kwamfuta da ake kira C nake rubuta mata umarni, domin ƙwaƙwalwar na'urar 'yar mitsitsiya ce, ba a yi mata almubazzaranci.

Aikin kamar ba komai, amma duk harafin da yatsa zai taɓa sai ya bi ta hannuna. Oga Ebenezer, mai kamfanin, ya gwada da littattafan Turanci, komai ya tafi daidai. Ranar har tsire na saya wa kaina.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Mufida

Garki, Abuja

Adda,

Sallama da fatan alheri. Na ga saƙonki, na ji daɗi da Inna ta fara fita tsakar gida.

Ni kam na shiga matsala. Akwai wani malami a Gwagwalada, Malam Ɗanlami, dattijo, yana koyar da Hausa a makarantar masu larurar gani, shi ma ba ya gani tun yana yaro. Shi ke gwada mana na'urar. Da muka sa masa littafin Hausa, bai yi nisa ba sai ƙusoshin suka taso da shirme, na'urar ta sandare.

Na bi sawu har na gano. Umarnin da nake ɗebo layi da shi, fgets, mazubi ake ba shi. Yana zuba haruffa har ya kai ƙarshen layi, ko kuma mazubin ya cika, sai ya tsaya a nan. Harafin Turanci gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ namu gurbi biyu-biyu. In layi ya yi tsawo, mazubin ya cika a tsakiyar ƙ, sai a raba ta gida biyu, kowane rabi ya zama ba harafi ba. Mazubin kuma ba ya ƙaruwa, babu wuri.

Masu ba da tallafi za su zo ganin gwaji ƙarshen wata, in ba su gamsu ba aikin ya tsaya. Oga ya ce a cire lanƙwasar kawai, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ai a waya haka kowa ke rubutu. Ba mugunta yake nufi ba, albashin mutane ne a wuyansa. Na ce masa mai ido yana hango jimla gaba ɗaya ya gane nufi, amma yatsa harafi-harafi yake tafiya. Yaron da ke koyon karatu ya shafa kafa alhali ƙafa ake nufi, wa zai gaya masa? Sai Oga ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, in ban gyara ba a yi yadda ya ce.

Adda, ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Taki,
Mufida

Garki, Abuja

Addata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na gyara. Yanzu duk sanda mazubin ya cika, na'urar tana duba abin da ya shiga ƙarshe. In rabin harafi ne sai ta riƙe shi, ta haɗa shi da ɗan'uwansa a ɗiba ta gaba. Gyaran bai cika shafi ba, amma na zuba masa duk littafin Hausar da na samu, bai yi tuntuɓe ba.

Jiya muka je Gwagwalada. Baƙi, wato masu ba da tallafin, sun cika ofishin shugabar makarantar, Madam Janet. Aka miƙa wa Malam Ɗanlami na'urar da wani littafin labari a ciki. Shekara da shekaru matarsa ke karanta masa irin waɗannan, domin ba a buga su da rubutun makafi. Ya fara karantawa a bayyane, kowace ƙ da ɗ na fita daram. Can sai muryarsa ta yi ƙasa, ta ɗauke, yatsansa ya koma baya a kan layi. Na ce a raina shi ke nan na'urar ta sake tsinkewa. Na matsa na leƙa ƙusoshin, lafiya lau. Ashe jimlar ce ta yi masa daɗi yake maimaitawa.

Baƙi suka yi tambayoyinsu, Oga ya nuna ni ya ce wannan ce ta rubuta wa na'urar umarnin. Suka ce sun gamsu. Da aka tashi, Madam Janet ta taɓa kafaɗar Malam ta ce a ba mu kayanmu za mu tafi. Bai ɗago ba. Ya ce a yi masa haƙuri, yarinyar cikin labarin ta shiga jirgin ƙasa, bai san inda za ta sauka ba.

Oga ya dube ni, na dube shi. Na'urar nan kaɗai ce muke da ita mai aiki. Haka muka hau mota muka dawo Garki hannu wofi, ina ta murmushi har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya.

Ki gaya wa Inna aikin da nake yi ke nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mufida