Sa Hannun da Ya Hana a Yi wa 'Yata Aiki

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da ake tura mu mutanen karkara a birnin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, na biyo ta jarida ne domin sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinka masinja yana ce mini kana taro.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Bunkure, bakin kanal ɗin noman rani. Na yi sakandare, kuma ina koyar da matan aure yaƙi da jahilci. Shekara da shekaru ina yi musu faɗa su daina kai kumburi wurin wanzami a yi musu sakiya, su tafi asibiti. Yau asibitin ne ya kunyata ni a gabansu.

Maganar 'yata ce ta fari. Shekararta ashirin da bakwai, 'ya'yanta uku, ta yaye na ƙarshen da kaka. Ana fara ɗibar tumatir ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ƙanwata ta gaya wa, ita kuma ta kawo mini, washegari na sa ta gaba muka zo. Likitanku, Allah ya saka masa da alheri, ya duba ya ce abin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce zai cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, a aika a gwada, a bar mata nononta. Amma ya ja kunnenmu cewa in ya girma ko ya kama fata, babu abin yi sai a cire nonon gaba ɗaya. Ya ba mu Talata. Yau Talata huɗu ke nan ba a yi aikin ba, kuma ga dalili.

Na ɗaya. Sistar ɗakin mata ta ce ba za a shiga da ita tiyata ba sai mijinta ya sa hannu. Mijinta falken tumatir ne. Duk wanda ya san Kura da Garun Mallam ya san da tumatir ya fara nuna, irinsu sun bi manyan motoci zuwa Ikko, ba a ganinsu sai kwandon ƙarshe ya tashi. Mahaifinta ya rasu. Na ce to ita ta dangwala yatsa, tunda jikinta ne. Aka ce ba a karɓa. Yatsan nan da shi ta yi zaɓe, babu wanda ya ce ta je ta kira mijinta. Ya isa ya zaɓi gwamna, bai isa ya ceci nonon mai shi ba?

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Na ce ni uwarta ce, a ba ni takardar. Akawun da ke riƙe da kati ya ce in faɗi sunan marar lafiya. Na nuna masa sunan a jikin katin. Ranka ya daɗe, kai Bahaushe ne, ka san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa faɗarsa ba, "yarinyar nan" nake cewa. Yaron nan, wanda na haifi sa'ansa, ya dube ni a gaban layi ya ce, "Uwar da ba ta san sunan 'yarta ba ce za ta sa hannu?" Aka yi dariya. 'Yata ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ina so in san gidan da ya rene shi, domin ko ba a koya masa a makaranta ba, ai yana da uwa. Farar riga ba ta ɗauke wa mutum ladabi.

Na uku, laifina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na aika wa mijin saƙo ta bakin direban motar tumatir. Amma yaya zan yi in ambaci nonon 'yata ga suruki, ta bakin wani namiji? Cewa na yi matarsa ba ta jin daɗi, ya zo. Ya ɗauka zazzaɓi ne, ya aiko a gaishe ta, ya ce yana tafe in kaya sun ƙare. Kunyata ta cinye mana mako biyu. Yanzu na rubuta masa takarda ɓaro-ɓaro, amma ban san hannun da za ta faɗa ba, ban san ranar da za ta same shi ba. Ni na gane kuskurena. Ku fa?

Na huɗu. Talatar da ta wuce likita ya sake dubawa. Ƙullutun ya kai ƙwan zabo. Ya ce har yanzu zai iya barin nonon, amma ba zai yi mini alkawarin wata mai zuwa ba. Ya nemi a ba shi takardar, sista ta ce doka ce daga ofishinka. A ƙauye kuwa matan ajina sun fara cewa da ma sun faɗa, asibiti ba ya taɓa nono sai ya yanke. Akwai biyu da na san suna ɓoye irin wannan ƙullutu, suna jira su ga yadda za ta ƙare da 'yar Malama. In aka yanke, wallahi ba za ku gan su ba sai abin ya fashe.

Don haka ina roƙon abu uku. A karɓi yatsan 'yata, a yi mata aiki Talatar nan mai zuwa, ni ce shaida. A nuna mini inda aka rubuta dokar nan, in akwai ta, domin na iya karatu. In kuwa al'adar ɗakin mata ce kawai, a kashe ta, don rabin mazan ƙasarmu ba sa gida da rani. Sannan a kira akawun nan a koya masa magana da iyayen mutane. Ban ce a kore shi ba.

Ka ji tsoron Allah, ranka ya daɗe. Amanar marasa lafiya aka ba ka, kuma za a tambaye ka. Ina yi maka addu'a Allah ya ba ka ikon sauke ta, ya tsare 'ya'yanka mata daga tsayawa a layin da 'yata ta tsaya.

Tunda suna ne akawunku yake so, ga shi, a gaban duk mai karanta jarida. Shekara ashirin da bakwai na riƙe shi a bakina, kun sa na sake shi. Sunanta Hajara. Ranar Talata da sassafe za ku same mu a ƙofar ɗakin mata.

Wassalam.

Malama Rabi, uwar Hajara,
ƙasar Bunkure.