Matan da ke kala a zanen Bafaranshe

Asabar, 14 ga Oktoba, 2017. Unguwar Soundview.

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau 'yata Hauwa ta ja ni gidan ajiye zane-zane a Manhattan saboda aikin makarantarta. Zanen wani Bafaranshe aka ba ta, ya haura shekara ɗari: mata sun sunkuya a gona. Ta rubuta wai girbi suke yi.

Na ce, "Girbi ba lauje? Kala suke yi. Mai gona ya kwashe nasa, su abin da ya zube suke tsinta."

A cikin matan zanen, wadda ta dafa ƙugu ce ta tsaya mini a rai. Wa ya gaya wa mai zanen cewa nan ne ke fara ciwo? Ya taɓa yi ne, ko uwarsa ya gani?

A jirgin ƙasa Hauwa ta tambaye ni da Turancinta, "Mama, ina kika san wannan?" Na ce a talabijin na gani.

Ina yarinya, kaka huɗu muka yi muna kalan gyaɗa ni da Inna a gonakin mutane. Shi Bafaranshen ya zana nasu har an rataye a bango, ni kuwa na kasa faɗa wa 'yar cikina.