Ruwan da Auta Ta Miƙa da Hagu

Zuwa ga mahaifiyata, Mma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwarta a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama a makwancinki na Sokode. Ni ce Rabi. Daga Dapaong nake rubuto miki, daga gidan Gwaggo Ladi, inda Baba ya kawo mu ni da Auta bayan an yi sadakar arba'in ɗinki. Baba yana kan hanya da tirelarsa kamar yadda kika san shi. Mu kuma muna ci muna sha, ba a rage mu da komai ba.

Kin san ni da nauyin baki. Ko da kina raye sai kin yi ta jan magana kafin in faɗi abin da ke cikina. Yanzu babu mai ja, shi ya sa na zauna ina rubuta miki a wayar da Baba ya bar mini. Na san wasu za su karanta, za su kuma ga cewa karatuna bai wuce firamare ba. Amma ke nake yi wa magana.

Kin tuna tabarmarki ta gindin mangwaro a Zongo? Maƙwabta suna kawo miki yaran da ba su isa shiga makaranta ba, waɗanda ba a kai su jardan ba, wato ajin renon yara. Ba ki taɓa riƙe bulala ba, ba ki taɓa cewa su maimaita bayanki ba. Sai ki ajiye faifai da wake da masara a gauraye, da murafen kwalabe, da tiren yashi, da buta da ƙananan kofuna, ki koma gefe kina tsinke zogale. Kowane yaro ya je wa abin da ransa ya so. Kina cewa, "Yaro da hannu yake fara karatu, baki daga baya yake biyowa."

Ni kuwa nakan ƙagu. Da na ga yarinya tana fama da zaren da ya ƙi shiga murfi, sai hannuna ya kai. Sai ki taɓa mini gwiwa ki ce, "Zauna ki kalla, Rabi. In ba ta kira ki ba, ba ta gama ba."

A kan tabarmar nan Auta ta yi rarrafe, kuma tun lokacin da hagu take ɗaukar komai. Kin gani, ba ki tsawata mata ba. Kina ajiye mata kwano ta gefen dama, ki zauna kusa da ita, har ta saba ci da dama ba tare da ta san an koya mata ba. Zane a yashi kuwa kika ce a bar mata hannun da Allah Ya sauƙaƙa mata. Kin ce saura za ki bi da ita a hankali. Sai ciwo ya kwantar da ke. Miƙa wa babba abu yana cikin sauran da ba ku kai gare shi ba, ni kuma ban lura ba.

Da muka zo Dapaong, Auta ba ta da aiki sai kuka da riƙe zanina. Sai na shimfiɗa tabarma a bayan madafa, na nemi murafe a bakin shaguna, na roƙi Gwaggo ɗan wake. Jikokinta biyu suka zo suka zauna. 'Yar maƙwabciyarmu ma ta zo, yarinyar da ba ta jin komai sai yaren Moba, amma ita da Auta sukan wuni suna rarraba wake ba wadda ta nemi tafinta. Gwaggo tana wucewa tana dariya, tana kiran wurin makarantar ɓarnar wake. Ba ta hana ba.

Auta ta zaɓi ruwa. Kullum ita ce a kan buta da kofi. Da farko tana jiƙa kanta har wuya, ban ce mata komai ba. A hankali ta iya cika kofi har baki, ta ɗauka ta zaga madafa, harshe a waje, ko ɗigo bai zuba ba. Mma, na ji daɗi. Na ɗauka na iya aikinki.

Akwai yayan mijin Gwaggo, ana ce masa Alhaji Babba. Duk Juma'a yakan biyo bayan masallaci ya zauna a rumfar tsakar gida, 'yan uwa maza da mata su taru gaishe shi. Ran nan Gwaggo ta ce in kai masa ruwa. Auta ta yi tsalle ta ce ita za ta kai. Na tuna kina cewa in yaro ya nemi aiki a ba shi, sai na cika mata kofi.

Ta ratsa tsakar gidan nan kaf, a hankali, kowa yana kallo. Ta isa gabansa ta miƙa masa da hagu.

Bai karɓa ba. Ya dubi kofin, ya dubi hannun. Ita kuma ta ɗauka bai gani ba ne, sai ta ƙara miƙawa ta ce masa ai bai zube ba. Ya tambaya wa ya raini wannan. Wata daga cikin matan ta ce marainiya ce daga Sokode, ai uwar ce mai makarantar wasa, wadda ke barin yara su yi abin da suka ga dama. Sai Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya jiƙan ta, amma ba ta gama aikinta ba."

Ina tsaye a gindin randa da moɗa a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ni aka zaga da sauƙi. Amma sunanki aka ɗauko a gaban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba, kuma ni na cika kofin.

Kada ki ga laifin Gwaggo. Ita ma a gaban dangin mijinta abin ya faru, har yamma ba ta ɗaga kai ba. Washegari ta ɗauko tsohon ɗankwali ta ɗaure hannun hagun Auta a ƙugunta. Ta ce haka aka yi wa Baba yana ƙarami, ga shi yau yana tuƙa tirela. Kullum da safe a ɗaure, sai la'asar a kwance.

Tabarmar tana nan, amma Auta ta daina taɓa komai. Takan zauna a bakin tabarma tana kallon sauran yara. Na tura mata buta, ta kau da kai. Ko an kwance hannun sai ta cusa shi cikin riga. Wata rana ina yi mata wanka ta tambaye ni ko wannan hannun ƙazami ne, tunda ta wanke shi da sabulu. Na ci gaba da cuɗa mata baya.

Labari kuma ya fita. Idan na je famfo sai 'yan mata su ce, "Ga Madam Hagu nan, ina ɗaliban?" Na koma zuwa ɗiban ruwa da rana tsaka, lokacin da babu kowa.

Na yi niyyar yi wa Gwaggo magana. Na shirya abin da zan faɗa tun daga madafa, na je ƙofar ɗakinta na yi sallama. Da ta tambaye ni mene ne, sai na ce tsintsiya na zo ɗauka. Na fito da tsintsiya na share wurin da na riga na share.

Da na rasa yadda zan yi, sai na zauna na kalla kawai. Na ga yadda Gwaggo take kai wa mijinta fura idan ya dawo daga mahauta. A ƙwarya take kaiwa, da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Na ga ashe idan abu ya cika hannu biyu, ba mai tambayar wanne ne ya miƙa.

Sai na kwashe ƙananan kofunan na ɓoye. Na ajiye ƙwarya, da tasa, da ƙaramin turmi, da faifan sheƙa. Ban kira Auta ba, ban nuna mata ba. Jikokin Gwaggo suka far wa turmin, 'yar maƙwabciya ta kama sheƙa tana watsa mana ƙaiƙayi a ido. Auta tana kallo. Kwanaki suka wuce a haka har na fara cewa wauta na yi.

Wata safiya Auta ta matso ta kama ƙwaryar da dama. Ƙwaryar ta karkace, ruwan ya kwarare a kan ƙafarta. Ta sake cikawa, ya sake zubewa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na danne shi a ƙarƙashin cinya. Sai ta tashi da kanta ta je inda Gwaggo take tankaɗe, ta juya mata gefen da aka ɗaure, ta ce ƙwaryar ta fi hannu ɗaya.

Gwaggo ta dube ta, ta dubi tabarmar, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "'Ya'yan Sokode, ba ku da baki amma kun iya kai ƙara." Ta kwance ɗankwalin ta rataya a kafaɗa, ta ce ranar da aka sake miƙa wa babba abu da hagu zai dawo.

Juma'ar da ta wuce Alhaji Babba ya zo. Auta ta ɗauki babban kwanon sha da hannu biyu, ta ratsa tsakar gida, ta durƙusa. Ruwa kaɗan ya zuba a kan takalminsa. Ya karɓa ya sha, ya shafa kanta. Sannan ya juya ya ce, "Madalla, Ladi, kin gyara ta."

Gwaggo ta ce Allah ne Ya gyara, ta saci kallona. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Kowa ya tashi a kan cewa ke kika ɓata, ɗankwali ya gyara. Maganar tana bakina, Mma, har na ji ɗacinta, amma ba ta fito ba. Ki yafe mini. Abin da na sani, babu dabarar da na yi a tabarmar nan da ba a wurinki na gani ba.

Auta ta koma wasanta. Jiya ta zana kaza a yashi, da ƙafa huɗu, ta ce sauri take yi. Da hagu ta zana. Sai dai yanzu kafin ta sa yatsa a yashin sai ta waiga ta ga ko akwai babba a kusa. A da ba ta waige. Wannan ban san yadda ake cire shi ba, kuma ba ki nan in tambaye ki. Idan ta waigo ni take fara gani, sai in yi kamar wake nake tsincewa.

Allah Ya jiƙan ki, Mmata. Ya yalwata miki kabari, Ya sanyaya shi, Ya sa yaran da suka zauna a tabarmarki su zame miki shaida ranar tsayuwa. Allah Ya ba ki littafinki a hannun dama. Auta kuma Ya sa albarka a hannayenta duka biyu. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi