Ni Na Koya Mata Karatu, Ta Karanto Abin Da Aka Ɓoye Mata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne, na 'yar mutane ne.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Bakori, shekarata goma sha uku ina riƙe da alli, aji biyar nake koyarwa. Farkon zangon nan wata ƙungiya ta kawo mana ƙananan kwamfutocin hannu, masu faɗin nan da ake shafawa da yatsa, har da solar caji, yara suka sa musu suna allon bature. Aka kai mu bita Funtua kwana uku kan yadda za mu koya wa yara rubuta tarihin rayuwarsu a ciki, yaro ya buga rubutu, ya ɗauki hoto, in yana so ya naɗi muryar kakarsa. Ni kuma Allah ya yi ni da rawar kai, in aka ce a yi taku ɗaya sai na yi uku. Na dawo ina ta cika baki a ofis cewa ajina ne zai zo na ɗaya.

Da farko abin ya yi daɗi ba ƙarya. Yaran da ko sunansu sai an yi da gaske suke rubutawa, sai ga su suna rige-rigen zuwa da sassafe. Wani ya rubuta ranar da san huɗa ya tunkuye shi, wata ta rubuta yadda ta ɓata a kasuwar Bakori aka tsince ta wajen masu manja tana sharar barci. Abin da nake nanata musu kullum shi ne kada wanda ya ƙago mini labari, gaskiya zalla nake so, abin da ba ka sani ba ka tambaya a gida.

Ƙa'idar da aka kafa mana ita ce allon ba ya fita daga makaranta, ni ce na karya ta. Da muka zo darasin haihuwa, wato ina aka haife ka, wa ya raɗa maka suna, sunan wa ka ci, sai na ga abin ba zai yi armashi ba in babu hoto. Ranar wata Juma'a na zaɓi yara biyar da na yarda da hankalinsu, na ce su tafi da shi gida su ɗauko mini hoton duk wani tsohon abu na jarirantakarsu, zanen goyo ne, katin asibiti ne, ko ma mene ne. Ko hedimasta ban gaya wa ba.

Cikinsu akwai Safiya, shekararta goma sha ɗaya, ita kaɗai ce a wajen iyayenta. Da ta zo hannuna da ƙyar take haɗa baƙi, ni na riƙa zaunar da ita lokacin tara har ta kai ba ta ganin rubutu ta wuce, ko a jikin buhun taki ne sai ta tsaya ta karanta. Da ita nake yi wa sauran malamai fankama.

Lokacin kaka ne, Mamanta ta shiga maƙwabta taya sussukar masara, yarinya ta buɗe kwallar da ake ajiye tsofaffin zannuwa, ta tarar da katin rigakafinta a naɗe cikin leda. Matar nan ba ta yi boko ba, mijinta ma haka, a wajensu takardar asibiti ce kawai da aka ce kada a yar. Shekara goma sha ɗaya katin yana kwance a wajen, ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za a yi mai karatu a gidan.

Ranar Litinin da aka tashi, ta ƙi tafiya sai da kowa ya watse, ta miƙo mini allon da hoton katin a buɗe. A wajen sunan uwa an rubuta Talatu, wato ƙanwar Mamanta da ke aure a Funtua, a wajen sunan uba kuma layi kawai aka ja. A ƙarƙashin hoton ga abin da ta buga: "Inna Talatu tana kiran sunan kowa a gidanmu, amma ni ba ta taɓa kiran nawa ba, sai dai ta ce ke yarinya. Kakata ma ba ta faɗin sunan Kawu Babba saboda shi ne ɗanta na fari." Duk wanda ya san alkunyar ɗan fari ya san yarinyar nan ta riga ta kamo bakin zaren. Ta dube ni ta ce, "Malama, sunan wa zan sa?" Na ce za mu yi magana, na karɓe allon na cusa a jaka.

Bayan la'asar na je gidan. Da na nuna wa Mamanta hoton na karanta mata, dirshan ta zauna a tsakar ɗaki. A nan na ji abin da na yi da-na-sanin ji. Ashe Talatu ce ta yi ciki tun kafin aure, wanda ya yi ya gudu, aka kai ta can wani ƙauye wajen dangi, ita kuma yayar da ta shekara tara ba haihuwa ta bi ta ta zauna, da suka dawo aka ce yayar ce ta haihu. Mijin yayar ya yanka rago ya raɗa suna ya ce 'yarsa ce, kuma har yau bai taɓa nuna mata bambanci ba. Mijin Talatu bai san komai ba, 'ya'yansu huɗu yanzu.

Daga nan ta juyo kaina, ta wanke ni tas, wai wa ya aike ni, karatu aka kawo mini yarinya ko tonon asiri, me ya haɗa makaranta da kwallar mutane. Kuma gaskiyarta ce. Da ta gaji sai kuma ta kama ƙafata tana kuka, wai in taimaka in gaya wa Safiya ma'aikaciyar asibiti ce ta yi kuskure, saboda Talatu ce ta kai ta allura ranar. Ta ce, "Malama, ni in na faɗa ba za ta yarda ba, fuskata za ta tona ni. Ke kuwa ko cewa kika yi rana daga yamma take fitowa, rubutawa za ta yi."

Maigidana ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, in goge hoton, in faɗi abin da aka roƙe ni, rufin asiri ne. Hoton kam na goge shi, da rubutun duka, don kada mutanen ƙungiyar su kwashe in sun zo. Amma ba a allon abin yake ba yanzu. Sati biyu ke nan yarinyar nan ta koma kujerar baya, ba ta ɗaga hannu, ba ta fita tara, duk inda na juya idonta na kaina. Mamanta ta aiko mini cewa a gida ma ta daina kiranta Mama, sai dai ta ajiye abu ta ce ga shi. Matar nan ba ta da kowa sai ita.

Na san wasu za su kawo maganar nasaba da gado, na sani, amma ba nan ciwona yake ba a yau. In na faɗa mata gaskiya, kun san sunan da ake kiran irin waɗannan yaran da shi, kuma a ƙauye irin namu magana ba ta kwana, gorin zai bi ta har ɗakin aurenta, ga auren Talatu, ga baiwar Allah da ta raine ta da kunu da madarar gwangwani. In na yi mata ƙaryar, Safiya ba doluwa ba ce, tana iya ganewa tun a idona, in kuma ta yarda, ranar da ta ji a bakin wani za ta san ni ma da ni aka haɗa baki. Na yi tunanin neman canjin makaranta in gudu, sai na ji kunyar kaina. Na tsani allon nan, na tsani rawar kaina, aikin ma gaba ɗaya ya fita daga raina, kuma duk ta inda na duba ban ga hanyar da wani ba zai cutu ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shirun ma ya ƙare mini. Jiya ta tare ni a bakin ƙofar aji, ba kuka ba fushi, ta ce, "Malama, in ba ki sani ba ba komai. Ranar Asabar Kawu zai kai masara Funtua, ya ce in ina so in bi shi in gaida Inna Talatu, zan tambaye ta da kaina." Shi Kawun bai san abin da ke ranta ba, kuma ranar Asabar mijin Talatu yana gida. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Juma'a, ta ce to.

Yau Laraba. 'Yan uwa, iyaye mata, malamai irina, ku dubi girman Allah ku gaya mini, ranar Juma'a in ta tsaya a gabana ta zuba mini idon nan, me zan ce mata? In yi mata ƙaryar da uwar da ta raine ta ta durƙusa ta roƙe ni, ko in faɗa mata wace ce ta haife ta?